Sha'ibu Lawan, Wanda Ya Zaɓa Mana Babban Jirgi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Injiniya Sha'ibu Lawan a asibiti nan Damagaram, bayan ciwon zuciya. An sallace shi bayan la'asar a Kara-Kara, unguwar da aka haife shi. Shi ne shugaban sashen jirage a kamfaninmu na Shamuwa. Ni kuwa matuƙi ne a kamfanin, kuma abokinsa tun muna zama benci ɗaya a lekol, makarantar boko.

Sha'ibu, na zauna in rubuta wannan cikin nutsuwa, amma ka hana ni. Duk abin da na tuna game da kai, da zumuɗinka yake zuwa, wannan ɗokin da kake shigowa biro, wurin aikinmu, da shi kamar wanda aka yi wa albishir a bakin ƙofa.

Shamuwa kamfani ne na masu ƙaramin ƙarfi. Tikitinmu da arha, ba ma raba abinci, jiragenmu ƙanana ne masu hanya ɗaya tsakanin kujeru, iyakarsu Yamai da Agadas da ƙasashen maƙwabta. Mai son umara daga Damagaram sai ya sha hanyar mota zuwa Kano ko Yamai kafin ya ga jirgin da zai kai shi. Da shugabannin kamfani suka yanke shawarar a fara dogon zango, Jidda da farko, daga baya ƙasashen da 'yan kasuwarmu ke saro kaya, sai aka ɗora maka nauyin zaɓo jirgi mai faɗin ciki, irin mai hanya biyu. Kowa ya san abin da ke ciki: kamfani irin namu jirgi ɗaya ya isa ya ɗaga shi, jirgi ɗaya kuma ya isa ya rufe shi, mu duka mu koma gida.

Jirage uku aka kawo gabanka. Na farko ƙato ne mai inji huɗu, tsoho, masu shi na neman kai da shi kamar kyauta. Darektanmu, Alhaji Rashid, ya ƙwallafa rai a kansa, yana cewa ranar da ya sauka a nan duk Nijar za ta ji. Ina wurin ka ce masa, cikin ladabi kana murmushi: "Ranka ya daɗe, dokin kyauta ne, amma harawarsa ce za ta cinye gidan." Ka nuna masa man da zai sha, ka tambaye shi inda za mu samo fasinjan da za su cika shi in an wuce azumi da hajji. Na biyu sabo ne dal, ga tattalin mai, kai kanka in kana maganarsa idonka har ƙyalli yake. Amma layin masu jiransa shekaru ne, ka ce tsofaffinmu masu son umara ba su da shekarun jira. Sai ka tsaya a kan na uku: matsakaici, mai inji biyu, ya ɗan yi aiki, na haya, kuma daga masana'antar da ta ƙera ƙananan jiragenmu, don matuƙa da makanikai su koye shi ba tare da an fara daga tushe ba.

Ba ka yarda da abin da dillalan jirgi suka faɗa maka kawai ba. Ka san zafin bazarar garinmu yana rage wa jirgi ƙarfin tashi, don haka ka riƙa fita filin jirgi da tsakar rana kana auna zafi, ka dawo jiƙe da gumi kana dariya. Daga nan ka tsara cewa da sassafe za mu riƙa tashi, iska na da sanyi, mu ɗauki cikakken kaya.

Abin da mutanen Kara-Kara ba za su manta ba shi ne ranar kujeru. Masu ba mu hayar jirgin sun ba da shawara a matse layuka don a ƙara fasinja, yadda kamfanonin arha ke yi. Kai kuma ka jera kujerun roba a tsakar gidanka daidai da tazarar da suka faɗa, ka aika garin Zermu aka ɗauko kawunka Malam Yakuba, dogon manomi mai ciwon gwiwa, ka tara dattawan unguwa maza da mata, ka zaunar da su. Maiɗakinka Binta na zagayawa da fura, kai kana tsugune kana duba gwiwoyi. Can Malam Yakuba ya ce: "Ɗana, in haka za a je Makka, a bar ni in tafi a ƙafa." Aka tuntsire da dariya. Washegari ka cire layi guda daga tsarin. Darekta ya ɓata rai, amma ka riga ka zagaya kasuwa ka zauna da 'yan kasuwar Kano da na gida, ka samo alkawarin kayan da za su cika cikin jirgin ta ƙasa, su maye gurbin kujerun.

Ana dab da sa hannu wani kamfani ya shigo neman jirgin nan namu, shugabanni suka fara waiwayen ƙaton mai inji huɗu. Ranar ce kaɗai na ga ka daina murmushi. Ka ce in shi za a ɗauko, a nemi wani ya sa hannu, kai ba za ka jefa abincin ma'aikata a rijiya ba. Alhaji Rashid ya dube ka, ya ce ka je ka ƙarasa magana da masu ba da hayar jirgin da ka zaɓa.

Ni Allah Ya ba tuƙo shi gida. Tun daga sama na hango mutane maƙil a bayan shinge, har da waɗanda suka zo daga garin Dogo a bayan manyan motoci. Na kashe inji ke nan na gan ka a ƙasa, babban mutum da furfura, kana zagaya jirgi da sassarfa, kana shafa taya, kana ɗaga mini hannu biyu. Da na sauko ka rungume ni ka ce: "Kassim, ka ga faɗinsa? Namu ne, wallahi namu ne."

Tashinmu na farko zuwa Jidda, kai ka riƙe hannun Malam Yakuba har kujerarsa, ka ga ya miƙe ƙafa, sannan ka sauka. Ka ce mana aiki ne ya riƙe ka. Sai a zaman makoki Binta ta gaya mini likita ne ya hana ka hawa jirgi tun bara, kuma ka roƙe ta kada ta faɗa, don kada a ce ka huta kafin aikin ya ƙare.

Kullum na sauka kai nake fara kira, in gaya maka yadda injin ya yi. Shekaranjiya na sauka Jidda da mutanenmu cike da jirgi, na ciro waya har na nemo sunanka. Na mayar da ita aljihu, na bi su Makka, na yi maka addu'a a gaban Ka'aba.

Allah Ya jiƙanka, Sha'ibu. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa ka cikin ladan duk wanda ya isa ɗakinSa ta sanadinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Binta da 'ya'yanku Farida da Kabiru, ga Malam Yakuba da dangi na Zermu, ga jama'ar Kara-Kara da ma'aikatan Shamuwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Kassim Gambo, Damagaram