Katakon Da Na Cire Daga Jirgin Da Aka Kife

Jama'a, ni karatuna bai yi nisa ba, kuma ban iya ƙawata zance ba, amma wallahi tallahi abin nan da ni ya faru, ba labari aka ba ni ba. Shekara bakwai ke nan, ina sana'ar faci a bakin titin Funtua zuwa Bakori, likita ya ce jinina ya hau, in nemi abin motsa jiki ko in shirya. Gudu kuwa gwiwa ta ƙi. Shi ne Malam Haruna, wani tsohon malamin firamare da ke kawo mini babur, ya ja ni ƙungiyarsu ta masu tuƙa kwale-kwale a wani dam da ke gefenmu.

Mu goma sha ɗaya ne, babu masunci ko ɗaya, daga tela sai manomi sai mai shayi. Talata da Alhamis da Asabar, ƙarfe bakwai na safe, kowa shi kaɗai a jirginsa, ka tashi daga gaɓa ka zagayo wani busasshen itace da ke tsaye a tsakiyar ruwa ka dawo. Malam ya sa mana wani abu a waya, ka ƙulle ta a leda ka ajiye cikin jirgi, ita ke ƙirga minti da yawan bugun filafili, wato abin tuƙi, in ka fito ya kwafe a littafi. Ni kullum minti talatin da huɗu, na ƙarshe. Sabo tela ya samu abin yi, in na iso sai ya ce, "Mai faci, yau ma tayar jirgin ce ta sace?"

Ana nan aka ce za a yi gasa, mutum huɗu za a ɗauka, kuma littafin ne zai zaɓa. A satin nan katakon bayan jirgina, wanda ke riƙe bakinsa biyu, ya karye. Na duba cikin ciyawa na ga wani tsohon jirgi a kife, har gara ta fara ci, na ce wannan ai an yar da shi, na sa guduma na ɓamɓaro katako ɗaya mai kyau na buga a nawa. Ban tambayi kowa ba.

Talata na yi minti ashirin da tara. Alhamis ashirin da bakwai. Ni dai na ji jirgin ya yi sauƙi, na ce jiki ne ya saba. Malam ya dubi waya ya dube ni, ya ce, "Kai da kake bugu ɗari biyar, yau dubu ba kaɗan? Da hawan jinin naka?" Nan fa ƙus-ƙus ya tashi, wani ya ce ƙwaya nake sha, wani ya ce laya ce, wani ya ce girgiza wayar nake da ƙafa. Ni kuma zuciyata ta tafi kan Sabo, don shi ne na huɗu a littafi, na ce shi ya taɓa mini waya don a ce ni maƙaryaci ne. Ni da mutane ke barin mota da makulli a hannuna!

Malam ya ce ranar Asabar da wayarsa zan shiga, shi kuma zai tsaya da agogo, in aka ga ha'inci in nemi wata ƙungiyar.

Asabar na shiga ina ƙirgawa da bakina. Wanda ya taɓa tuƙi ya sani, mutum ɗaya dole ya riƙa sauya hannu, in ka dage gefe guda jirgi zagaye zai yi ta yi da kai. To sai da na kusa itacen nan na farga tun daga gaɓa dama kawai nake bugawa, kuma jirgi na tafiya ɗoɗar. Na ɗaga filafili na ɗora a cinya. Billahillazi jirgin nan bai tsaya ba. Ya zabura, ya lafa, ya zabura, kuma ina jin ruwa na cewa cakal, cakal, a bayana ta hagu, ga wani ƙarnin kifi da warin taba. Gari a waye sarai, ina hango mutane a gaɓa! Wuyana ya ƙi juyawa, kuma ban matsa masa ba. Na kama Ayatul Kursiyyu ina yi ina ɓata, na ci gaba da tuƙi, ina bugawa ana amsa mini, har gaɓa.

Minti ashirin da biyar. Malam ya ce agogo da waya sun yi daidai, na shiga cikin huɗu, a yafe zargi. Sabo kuwa bai yi tsokana ba, ya matso a hankali ya ce, "Buhun me ka ɗora a baya? Gindin jirginka a nutse ya dawo."

Baba Ɗanladi, wani tsohon masunci da ke gyaran komarsa ta kamun kifi kusa da mu, ya taso ya shafa katakon ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka wannan?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ku 'yan tudu ba ku tambaya. In ka ga jirgi a kife a gaɓa, mai shi ruwa ya ci. Ba ma ƙonawa, ba ma sayarwa, ko ƙusa ba ma cirewa." Na ce waye mai shi? Ya ce in mayar kawai.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in bari sai bayan gasa. Amma da na tuna cakal ɗin nan, a take na ɗauko guduma. Katakon ya bushe ƙayau a rana, sai wuri ɗaya a tsakiya, jiƙe sharkaf, daidai faɗin mazaunin mutum. Na mayar na buga da ƙusoshinsa.

Talata na yi minti talatin da biyar. Shi ke nan, aka ce ƙwayar ce na daina don tsoro, Malam ya ja layi a kan sunana, Sabo ya tafi gasa. Na ce wa Sabo ya faɗi abin da ya gani, ya ce shi bai ga komai ba. Har yau muna gaisawa, amma ban ƙara kai masa ɗinki ba.

Ina tuƙi har yanzu, na ƙarshe kamar da, kuma na gode Allah da hakan. Sai dai duk bugu goma nakan ɗaga filafili in saurara. Ku kuma, duk abin da kuka gani a yashe a bakin ruwa, ku nemi tsohon wurin ku tambaya kafin ku sa hannu.