Yashin da ke Gwiwar Yaya

"Litinin zan kira ku da sakamakon." Haka likita ya ce ranar da ya zuƙi ruwa a gwiwarki da sirinji. Litinin uku suka wuce shiru. Ranar Laraba, tara ga wata, Allah Ya karɓi ranki, kwana shida bayan kin faɗi a matakala kin karya ƙugu. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

Yaya, shekara talatin kina taka keken ɗinki da ƙafar nan. Duk rigar da na sa zuwa makaranta, ke kika ɗinka. Ranar da na fara koyarwa kin saki kalmasar zanena sau biyu, wai kada ɗalibai su raina ƙanwarki.

Da gwiwar ta kumbura kika ce, "Malama Sarkin Karatu, akwai yashi a ciki, ina jin sa."

Na yi dariya. "Yashi a gwiwa? Yaya, son jiki ne." Na karanta cewa gaɓa motsi take so, sai na kafa miki doka: hawa da sauka a matakala sau biyar kowace safiya. Kina cije leɓe, ina ƙirgawa. Ran nan, a hawa na huɗu, ƙafar ta ƙi ɗaukar ki, kika faɗi.

Jiya na je asibitin da kaina. Takardar sakamakon na kwance cikin tire, ƙarƙashin kofin shayi. Mai awon ta zaunar da ni ta yi mini bayani: kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kan taru a guringuntsi kaɗan-kaɗan ya daskare, ya zama ƙwayoyi masu kaifi kamar garin gilashi, sannan su zube cikin ruwan gaɓa. In ta kumbura haka, hutu take buƙata da magani. Ba ki buɗe littafi ba, amma ke kika faɗi daidai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya yalwata kabarinki. Ya ba maigidanki da 'ya'yanki haƙuri. Ni ban iya haɗa ido da su ba tukuna.

Likita, na ba ka zuwa Alhamis ka zo ka gaya musu dalilin shirunka. In ba ka zo ba, Juma'a zan kai ƙara hukumar likitoci a rubuce. Sunayen masu laifi biyu ne a takardar ƙarar, kuma sunana ne a sama.