Kazar Ta Taka, Ni Ban Warke Ba

A ƙarshen shekarun 1980, in ka shiga Kalgo ka tambayi gidan yaron nan mai hannu, ko ɗan yaye sai ya nuna maka ƙofarmu. Ni ne yaron. Mahaifina masunci ne, tun ina ƙarami nake binsa gulbi, har na iya jefa birgi, ragar nan da ake cillawa ta buɗe a sama kamar faifai kafin ta faɗa ruwa. Can na samo hannun. Da na shiga kwalejin horon malamai, sai malamin wasanni ya ga na jefi mangwaro, ya kama ni ya kai ni filin ƙwallon hannu. Ya ajiye ni a tsakiya, wurin mai raba ƙwallo, wanda duk ’yan wasa ke kallon idonsa kafin su motsa. Ban gama shekara ta biyu ba aka ba ni kyaftin. Na faɗi gaskiya, kaina ya yi girma, har tafiyata sai da ta sake.

Da na gama karatu aka tura ni koyarwa wata firamare a Gwandu. Jikina yana cikin aji, hankalina yana fili. Ina rubutu a allo ina jin ƙarar usur a kunnena. Saboda haka ranar da kocin wani kulob na birni ya zo nemana, ko shawara ban yi da kowa ba, na ajiye alli na bi shi. Baba bai hana ni ba. Ya dai ce shi bai taɓa ganin sana’ar da ake jifa cikin raga kullum a koma gida ba kifi ba sai tawa. Muka yi dariya. Na yi shekaru masu daɗi a kulob ɗin, muka zaga garuruwa, rediyo ta san sunana, har aka fara raɗe-raɗin za a kira ni sansanin ’yan wasan ƙasa.

Ana cikin wannan raɗe-raɗi tsautsayi ya same ni. Na yi tsalle zan jefa, mai tsaron baya ya riƙe mini hannu, na faɗo a kan kafaɗar dama. A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye, kafaɗar kuma ta goce, sai na huta watanni. Na dawo Kalgo hannu a rataye. Inna ta ce ba za ta samu natsuwa ba sai an kai ni wurin wani tsohon maɗori a Dangoma, wanda ya gaji ɗori kaka da kakanni. Muka tafi da ’yar budurwar kaza ja, domin haka al’adarsa take. Ya gyara mini kafaɗa, na ga taurari da rana tsaka, sannan ya karya ƙafar kazar ya ɗaure ta da ƙananan karare kamar yadda ya ɗaure ni. Ya ce in tafi da ita gida, ranar da ta taka ƙafar in dawo masa ya taɓa kafaɗar, shi zai faɗa mini ko lokaci ya yi. Rabin farko na maganarsa kaɗai na riƙe.

Ban taɓa sanin zama azaba ba ne sai a waɗannan makonni. In na zauna a zaure sai in tashi, in na fita bakin gulbi sai in dawo, abinci ma a tsaye nake ci. Abin da ya fi cin raina shi ne rediyo. Akwai wani saurayi da ke zaman benci a bayana, wanda ni na koya masa yadda ake yaudarar mai tsaron gida da ido. Shi aka sa a gurbina, kuma duk mako sai mai labarin wasanni ya yabe shi. Ban taɓa ƙin yaron nan ba, amma duk lokacin da aka ambace shi sai in ji kamar ana kwashe kayana daga ɗakina ina kallo. Na tabbata in na daɗe, in na koma ba zan sami wurina ba.

Sai na mayar da duk hankalina kan kazar. Ni da ’yan kallo ke tafa wa, na koma mai jinyar kaza. Ina ba ta gero da hannuna, ina tono mata gara, ina korar zakaru daga kusa da ita. Da safe kafin in gaida Inna sai na leƙa akurki. Nakan ɗaga ta in tsayar, ta faɗi, in sake tsayarwa. Ƙannena mata suka sa mini suna angon kaza, Inna tana tsawata musu tana ɓoye dariya. Ranar da ta sauke ƙafar ta yi taku biyu zuwa ga tsaba, na kira duk mutanen gida su shaida. Amma ni na san abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba na iya kwanciya a gefen dama, kuma in na ɗaga hannu zan sa riga sai in ji kamar an soka mini tsinke.

Na kwance ɗaurin da kaina, na haɗa jaka. Inna ta tuna mini cewa tsohon ya ce a koma masa, na ce mata ai kaza ta riga ta yi magana, zuwa Dangoma ɓata lokaci ne. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji ya taɓa ya ce da saura. Baba yana zaune yana gyaran raga, bai ɗago kai ba. Da na zo sallama sai ya miƙo mini birginsa, ya ce in jefa masa sau ɗaya a tsakar gida, in ragar ta buɗe ya sa mini albarka in tafi. Na dubi nauyin dalmar da ke bakinta, na san ba zan iya ba. Na ce mota za ta bar ni. Ya naɗe birgin, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na gaya wa koci na warke sarai, ya yarda domin bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Kafin wasa na biya wani kemis aka yi mini allurar kashe zafi. Na raba ƙwallo ta kusa sau da yawa lafiya lau, har na fara jin ni ne mai gaskiya. Sai dama ta samu ta jifa daga nesa, irin wadda aka san ni da ita. Na tashi sama na saki hannu da dukan ƙarfina. Na ji ƙarar a cikin jikina kafin in ji zafin, ƙwallon kuma ta faɗi ’yan taku kaɗan a gabana. A wannan karon likita ya ce jijiya ta taɓu, hannun ba zai ƙara wuce kafaɗa ba. Saurayin nan da aka sa a gurbina shi ya riƙe mini jaka har tashar mota yana share hawaye.

Na koma Gwandu na roƙi aikina, Allah ya sa aka mayar da ni. Har yau rabin allo na ƙasa kaɗai nake rubutu a kai, yara suna tsammanin don su gani da kyau nake yi. Rashin kulob ya yi mini ciwo, amma ya wuce. Wanda bai wuce ba shi ne lokacin da ƙarfin Baba ya ƙare. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, ya rasa wanda zai miƙa wa birgin, sai ya rataye shi a bangon zaure. Har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini gori ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

Na rubuto ne saboda samari masu wasa, da duk wanda ke jinya yana jin duniya za ta tafi ta bar shi. Ba maɗori ya cuce ni ba, ba likita ba, domin dukansu haƙuri suka ce in yi. Ni na zaɓi shaidar da ta faɗi abin da nake son ji, na toshe kunne daga jikina da mahaifina. In ciwo yana yi maka magana, ka saurare shi, ko da wani zai zauna a gurbinka. Gurbi ana sake samu, ni dai ban sake samun hannu ba. Kazar nan ta rayu ta yi ’ya’ya da jikoki, kuma duk lokacin da na je Kalgo ina tarar da zuriyarta suna tono a ƙarƙashin birgin Baba, da ƙafafunsu lafiya lau.