Kujerar da Ke Jingine da Inji

Ranar Asabar ta farko a dogon hutun shekarar da na gama aji biyar, na shiga bayan motar Baba kamar yadda na saba, sai kaina ya bugi rufi. Na sunkuya, na naɗe ƙafafu kamar kaza a akurki, amma da Kawu Bitrus, aminin Baba, ya zauna a gaba, sai kujerarsa ta danne mini gwiwa har na yi ƙara. Baba ya leƙo yana dariya. "Ladi, kin fi ƙarfin wurin nan. Kira mini Ishaya." Ishaya ƙanena ne, shekarunsa shida, ko bambancin taya da sitiyari bai dame shi ba.

Motar tsohuwa ce ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu, injinta a baya. In muka je kantin 'yan Afirka a garin Landover, nan Amurka, a gaba ake zuba doya da manja, yara su taru suna leƙen inda injin ya shige. Kujerun baya kuwa na jeka-na-yi-ka ne, kuma Baba dogo ne, ko kyanwa ba ta zama a bayansa. Gurbi ɗaya ne tak, nawa. Nan nake jingina ina jin ɗumin injin da gurnaninsa a gadon bayana, tun daga gidanmu a garin Bowie har filin ajiye motoci inda masu son mota ke haɗuwa da sassafe, kowa da kofin kofi a hannu. Ni ke wanke ƙafafunta da tsohon buroshin haƙori, ni ke riƙe wa Baba tocila. Musunsu ma na haddace shi. Kawu, mai kishin motocin Amurka masu dogon hanci, yakan ce, "Doki a gaban keke yake, Malam." Baba ya ce, "Mutanen Jamus tun kakanninsu a baya suke sa shi. Ba a gyara musu."

Daga ranar, sai dai in tsaya a taga in ga ƙeyar Ishaya ta gilashin baya suna fita. Kishi ya ci ni, ba kaɗan ba. Yaro ya dawo bakinsa duk sukari, ya ce wai barci ya yi a hanya. Barci! Don haushi na koma ɓangaren Kawu, a wurin cin abinci ina cewa duk mai hankali a gaba yake sa inji. Na so Baba ya ji zafi, ya zauna ya yi musu da ni. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce a miƙo masa yaji. Kafin in isa zama a gaba, Ishaya ya daina barcin, Asabar ta zama tasu.

Yanzu ina da mota mai ƙofa huɗu, inji a gaba, faɗi har ya yi yawa. A cikinta nake kai Baba asibiti, tunda gwiwoyinsa sun hana shi shiga tasa. Bara ya miƙa wa Ishaya makullin a gabana, ya ce, "Kai ka san muryarta." Na taya ƙanena murna, na kuma dawo gidana a Laurel ban kunna ko rediyo ba.

Ni na riga shi sanin muryar nan, amma ba wanda ya tuna.