Faɗan Rakia a Bakin Yunusu

A unguwarsu a Tawa, in yaro ya gagari uwarsa, wurin Rakia mai masa ake tura shi. Tana juya masa a tanda tana yi masa wankin babban bargo, ba zagi ba duka, ta kawo masa tarihin rashin kunyarsa tun yana rarrafe. Har magidanta masu gemu sukan sauya hanya in sun san suna da laifi. Ni dai ban ga wanda ya bar gaban tandarta da sauran girman kai ba.

Mutum ɗaya ne bakinta bai taɓa kamawa ba, Kabiru, ɗanta na fari. Kunyar ɗan fari ta gada wurin iyaye: ba ta kiran sunansa, ba ta zama da shi, balle ta yi masa faɗa. Gwaggonsa ce mai wannan aikin, ita kuwa Allah ya yi mata rasuwa.

Ana dab da saukar damina, Kabiru ya ɗaure jaka zai bi hanyar Agadas zuwa Libiya, ya bar gonarsu ta Bambeye ba shuka, ga matarsa da tsohon ciki. Hanyar nan ce ta ci ubansa, ko kabarinsa ba a gani ba. Tsoro ya kama Rakia, abinci ya daina shiga mata.

Sai ta rufe tanda ta hau mota zuwa Bambeye, wurin Yunusu, ƙanen mijinta. Yunusu kuwa ko akuya ta ci masa hatsi, haƙuri yake ba ta. A gindin rumbu ta zaunar da shi ta shiga koya masa faɗa.

"Ka ce mishi, kai wane irin ɗa na? Buɗe baki, Yunusu! Wagga ai gaisuwa ta, ba hwaɗa ba."

"To ni haka Allah ya yi ni, matar yaya."

"Allah ya yi ka da haƙora, ka bari a gane su. Sake!"

Suka yi ta yi har rana ta karkata, ta nuna masa inda zai ja numfashi da inda zai buga ƙasa da sanda. Maƙwabta na leƙowa ta kan darni, sun ɗauka rabon gado ya tashi.

Washegari da hantsi suka iso Tawa. Yunusu ya zauna a tabarma, aka kira Kabiru ya durƙusa, ita kuma ta koma bayan zana tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Yunusu ya gyara murya ya soma da ƙarfinsa. Bai yi nisa ba ya manta sanda, muryar ta koma irin tasa ta kullum. Kalmomin dai nata ne, ɗaya bayan ɗaya, amma a bakinsa sun fito kamar lallashi. Da ya zo inda aka ce, "Ubanka mun ba hamada, ba mu da wani na ba ta," sai ya tuna da yayansa, ya sa hannun riga yana share ido.

Rakia ta ciji leɓe, ta ce a ranta wahalar jiya ta tashi a banza.

Kabiru ya sunkuyar da kai. A unguwar nan ya girma yana jin ana yi wa 'ya'yan wasu wannan faɗan, ba sai an gaya masa daga bakin wa ya fito ba. Ya ɗago, bai dubi zanar ba, amma ya ɗaga murya yadda za ta ƙetare ta.

"Baba, ka hwaɗa ma wadda ta aiko ka, na ji. Tun ina yaro nike jiran nawa rabo. In akwai sauran iri wajenka, gobe ina tahowa in shuka gonarmu."

Rariya ta tsaya a hannun Rakia. Ta juya wa zanar baya, ta yi kuka ba sauti don kada ya ji.