Ina Usaina?

Ban manta da ranar Talatar nan ba, kuma ba na jin za ni manta. Incaji, wato shugaban asibitinmu, shi ya ce in rubuta muku labarin, ku sababbin 'yan sa-kai da kuka zo bana, don ya san in aka tsai da ni gabanku muryata rawa za ta yi. Ko yanzu da nake rubutun sai na riƙa ajiye biro ina murza hannu.

Sunana Luba. Bayan na gama sakandare na samu shiga aikin sa-kai a ƙaramin asibitinmu na nan ƙasar Sabon Birni, ɓangaren yara masu tamowa. Shekarar ce ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da gero yake bununi, gonaki suka bushe a tsaye, shanun Fulani suka daina ba da nono. Ranar awo, wato kowace Talata, layin mata yakan fita ƙofar asibiti har ya bi gefen hanya.

Wurina shi ne bakin ƙofa. Ni ke tantance yaron da za a shigar wurin ma'aikacin lafiya a buɗe masa kati a ba shi madarar tamowa, da wanda za a sallama. Matakai biyu aka koya mana. Na farko, a zagaya zaren awo a damtsen yaro na hagu: in ya nuna ja a shiga da shi, in rawaya a sa masa ido, in tsanwa lafiya lau. Na biyu, a kama ƙafafunsa biyu a danna da babban yatsa, a ƙidaya ɗaya, biyu, uku, a ɗaga. In wurin ya loɓa bai taso ba, to kumburi ne, kuma wannan yaron ya fi ramamme shiga haɗari. Kumburi yana cika jiki, sai zare ya nuna tsanwa alhali yaron yana gab da tafiya.

Ranar, azahar ta wuce ban karya ba, mata biyu sun faɗi a layi don rana. Sai na fara tsallake danna ƙafa ga duk yaron da na ga ya cika ido. Cikinsu akwai wata Bafillata da ta ce da ƙafa ta zo daga wajen Kurawa, goye da yarinya kamar 'yar shekara biyu mai manyan kumatu. Ta ce yarinyar ta daina cin abinci. Na sa zare, ya nuna tsanwa. Na ce mata, "Ke dai kai ta gida, ai ta fi ni ƙiba." Ta yi dariya, ta yi mini godiya, ta tafi. Ba a buɗe mata kati ba, ba a rubuta sunanta ko'ina ba.

Ranar Juma'a da hantsi ta dawo a guje. Aka kwantar da yarinyar kan benci, Incaji ya aika a kira mota, amma kafin direba ya iso rai ya yi halinsa. Ina tsaye Incaji ya kama ƙafarta ya danna. Wurin ya loɓa, kuma bai taso ba. Ya ɗago ya dube ni. Uwar ta naɗe 'yarta a zane, 'yan'uwanta suka tafi da ita, ba wanda ya tambayi rugarsu.

Daga ranar na zama wata iri. Hannuna ya riƙa rawa har ba na iya zura zaren awo a raminsa. Abinci ya ƙi shiga. Ina danna ƙafata, ina danna ta ƙannena, har ƙullun tuwo na taɓa dannawa na tsaya ina kallo, bakina yana ɗaya, biyu, uku. Talatar da ta biyo aka miƙo mini yaro sai na gudu bayan ɗakin magani na tsuguna. Incaji ya kira ni ofis ya ce ƙaddara ce, ya ba ni hutun sati uku. Ya kuma gaya mini gaskiya: in ban iya dawowa ba dole ya sa wata a bakin ƙofa, don layi ba ya jiran kowa.

Nan aka shiga nema mini magani. Mai kemis ya ba ni ƙwayar barci, na koma kamar buhu, in na farka kuma abin yana nan inda na bar shi. Babana ya karɓo rubutu wurin malaminsa, in na sha zuciyata takan ɗan kwanta, amma hannun bai daina ba. Gwaggo Tumba, ƙanwar babana, ta ce iska ce na kwaso a asibiti, ta cika ɗaki da turare har na fara tari. Kowa kuma maganarsa ɗaya, ba laifina ba ne. Duk wanda ya faɗa sai in ji na ƙara nisa da shi, don ni na san ban danna ba.

Sati biyu sun wuce, Incaji ya zo gida duba ni. Ya ce shi iyakar saninsa jiki, amma akwai wadda ta koyar da su aiki, Sista Ige, da ta daɗe a asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa kafin ta yi ritaya ta koma gidanta a Isa. Gwaggo ta ce wato mahaukaciya aka mai da ɗiyarsu ke nan. Babana ya ce a dai je. Gwaggon ce kuma ta raka ni, tana mita tun daga tasha.

Na zaci za ni ga ofis da farar riga. Tsohuwa muka tarar, gajera, tana zuba ruwan alwalarta a gindin zogale, don a gidan ba a zubar da ruwa ƙasa banza a wannan shekarar. Tambayarta ta farko ita ce, "Ɗiyata, mi kinka ci yau?" Na ce ba komai. Ta ce ba ta magana da mai yunwa, sai da ta ga na shanye kofin kunu. Sannan ta ja fatar idona ta duba, ta auna jinina, ta tambayi barcina, da al'adata, da sallata, da wadda nake hira da ita in raina ya ɓaci. Ta karɓi ƙwayar barcin ta tsara mini yadda za ni rage ta a hankali. Rubutu kuwa ta ce in ci gaba da sha, ita ma tana sha.

Gwaggo ta ce ita fa har yanzu iska take zato. Sista ta tambayi abin da iskar take sa ni yi, Gwaggo ta ce ƙidaya. Sista ta ce, "Aljanin da ke ƙidaya ɗaya, biyu, uku, Tumba, ai wannan ya yi firamare. Bar ni da shi, ni ma na yi." Gwaggo ta yi dariya ba ta so ba. Daga nan Sista ta ba ni carbi ta koya mini jan numfashi: in ja cikin ƙwaya uku, in sake cikin shida. Ta ce tunda bakina ya saba da ƙidaya, a ba shi aikin yi. Ranar ba ta tambaye ni komai game da yarinyar ba. Ta ce in dawo jibi.

Da na dawo ta sa ni tsinkar zogale, tana gefena. Hannuna na cikin ganye, ba ta kallon fuskata, ban san lokacin da na fara ba da labarin ba. Na kai ƙarshe ina jiran ta ce ba laifina ba ne. Sai ta ce, "Ba ki danna ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba ni cewa ki manta." Wallahi sai na ji kamar an kwance mini wani abu a ƙirji. Ta ce kuskure na yi, ba kisa ba, kuma wanda ya bar yarinya irina ita kaɗai ba ci ba sha a gaban irin wannan layi shi ma yana da nasa kason, za ta gaya wa Nasiru. Sai a lokacin na san akwai mai kiran Incaji da sunansa. Ta tambaye ni ko na je gaisuwa, na ce a'a. Ta ce ni ma mai makoki ce, tabarmar ce kawai ban samu na zauna ba.

Sannan ta tambayi abin da ya fi dawo mini. Na ce muryar uwar, yadda take kiran sunan 'yarta a kan benci. Ta ce mene ne sunan. Na ce Hassana.

Ta ajiye zogalen da ke hannunta. Ta ce, "To ina Usaina?"

Sati uku sunan nan yana kaina dare da rana, Incaji ya ji shi, duk wanda ke asibitin ranar ya ji shi, amma ba wanda ya tsaya ya ce mai suna Hassana ba ita kaɗai take zuwa duniya ba. Abin da Hassana ta ci a gida shi 'yar'uwarta take ci. Sista ta ɗauki waya ta kira Incaji, ta ce gobe da sassafe ya kawo motar asibiti. Ta juyo ta ce mini ba dole, in ba ni iyawa su je su kaɗai. Na ce tsoro nake ji. Ta ce ta sani, a motar akwai wurin zama na mai tsoro.

A Kurawa mai unguwa ya haɗa mu da wanda ya san rugar da aka rasa ɗaya cikin 'yan biyu. Kafin mu sauka Sista ta ga na ciro zaren awo, ta ce in mai da shi jaka, gaisuwa muka zo, ba a shiga gidan rasuwa da kayan aiki a hannu. Incaji ya tsaya wajen maza. Uwar, Hurera sunanta, ta gane ni nan take. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Muka yi gaisuwa, muka yi addu'a. Sai Sista ta dafa gwiwata. Da carbi a hannuna na gaya wa Hurera cewa ƙibar da na ce 'yarta ta yi ba ƙiba ba ce, ciwo ne, akwai gwajin da ya kamata in yi ban yi ba, ta yafe mini.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce, "Ranar da kinka ce ta fi ki ƙiba, da dariya na iso gida. Har na gaya wa babansu ba sai an kai ɗayar ba."

Sista ta tambaye ta a hankali, ina Usaina. Hurera ta shiga bukka ta fito da ita. Kumatun nan ne, da shirun nan, kamar an dawo mini da waccan. Ta nufi Sista da ita, Sista ta mai da hannuwanta baya ta ce ita ta tsufa, yatsunta ba su da ƙarfi, ga mai aikin nan zaune. Hurera ta dube ni, ta dubi hannuna da ke rawa. Sannan ta tsuguna ta ɗora ƙafafun yarinyar a cinyata.

Na danna. Ɗaya, biyu, uku. Na ɗaga, wurin ya loɓa bai taso ba. Na ji muryata tana cewa a kira Incaji, kumburi ne, ƙafa biyu.

A motar muka wuce da su babban asibiti, inda ake kwantar da masu irin wannan, don mai kumburi ba a fara shi da madarar tamowa ta leda da muke rabawa, sai da wata mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan. Kwana goma sha biyu suka yi, kumburin ya saɓe, aka sallamo su zuwa wurinmu karɓar madara duk mako. Ni kuwa na koma bakin ƙofa ranar da hutuna ya ƙare. Incaji ya sa mu zama mu biyu a wurin, kuma ba mai fara awo sai ta karya. Shi ya sa kuka ga ana ba ku kunu da safe. Ba kyautatawa ba ce kawai, umarni ne daga Isa.

Har yau Hurera ba ta ce mini ta yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba. Amma duk Talata layina take bi, ko da na abokiyar aikina ya fi gajarta, kuma na taɓa jin ta tana ce wa wata da ke sauri ta tsaya a danna wa ɗanta ƙafa tukuna.

Ina zuwa wurin Sista sau ɗaya a wata. Ban warke sarai ba. Wani lokaci in aka kwantar da yaro kan bencin nan sai na fita na ja carbi. Ta ce wannan ba komai, kuma ita ce ta matsa mini na nemi shiga makarantar koyon aikin lafiya, tana cewa hannun da ya san tsoro ya fi wanda bai sani ba, in dai an ba shi ilimi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, aikin nan yana ciwo, kuma in ya ji muku ciwo ku faɗa, ku nemi mai taimako. Ku nemi wanda zai tambayi cinku da barcinku da sallarku, wanda ba zai raina abin da iyayenku suka yarda da shi ba, kuma ba zai yi muku ƙarya don ku ji daɗi ba. Ni na wuce ta hannu huɗu kafin in same ta, kowa kuma da kyakkyawar niyya. Dukansu ni kaɗai suka duba. Ita ce ta duba har bayana ta hango wadda aka baro a gida.

Ku danna kowace ƙafa, ko layi ya kai kasuwa. In kun ɗaga yatsa, kafin uwar ta miƙe, ku tambaye ta wa ta baro gida.