Abin da Farkhanda ba ta faɗa ba

Farkhanda 'yar Multan ce. Ta zo Lahore yin digirin digirgir a kimiyyar ƙasar noma, ta daɗe har sababbin ɗalibai suna zaton ma'aikaciya ce. Baji muke ce mata, wato Yaya. Ba ta da surutu, shayinta ba sukari, kuma ba ta manta abin da aka yi mata. Teburinmu ɗaya da ita, don haka na sani.

A ɗakin bincikenmu fayil ɗin madogara guda ne tal, kowa daga cikinsa yake ɗebo sunayen littattafai da maƙalun da zai jera a ƙarshen kundinsa. Farfesa Gilani, wanda muke kira Sarji, shi ya fara shi tun yana matashi. Al'adar wurin a ƙara, ba a ragewa. Wa ya isa ya taɓa abin da Sarji ya sa? Ga shi ƙarƙashin kowace madogara sai ya zuba sharhinsa shafi-shafi, wai da shi zai haɗa littafi. Fayil ya cika ya batse kamar buhun auduga, manhajar da ƙyar take buɗe shi.

Sai kuma Tauqeer, ɗan lelen Sarji, mai riƙe masa jaka. Farkhanda ta yi damina biyu tana ɗebo ƙasa a gonakin shinkafa, ta auna, ta rubuta maƙala. Da maƙalar ta fito, sunan Tauqeer ne ke bin na Sarji. Nata an jefa shi can ƙasa cikin waɗanda ake yi wa godiya, kusa da na direba. Ni haushi ya hana ni cin abinci ranar. Ita ko ta ci gaba da aikinta.

Aka buɗe gurbin lakcara ɗaya, sai wanda ya miƙa kundinsa zai nema. Tauqeer na dab da miƙawa, tagar da ke nuna yadda madogara za ta fito a shafi ta tsaya cak. Ya danna, fari fat. Ya kashe ya kunna, ya sake sauke manhajar, jerin madogararsa ya ƙi fitowa. Ya taho teburinmu yana gumi.

"Baji, don Allah ki duba min. Ke kika san halin abin nan."

"Ni? Ai mu 'yan godiya ne, Tauqeer Bhai."

"Haba Baji, abin da ya wuce ya wuce."

Ta leƙa allon. "Nauyi ne ya yi masa yawa. Dogon sharhin nan ne ya shaƙe tagar. In ka share shi za ta buɗe."

Gaskiya ta faɗa masa. Ya share, taga ta buɗe tar. Abin da ba ta ce ba shi ne ya fara yin kwafi ya yi aikin a kai, yadda duk tsofaffin ɗalibai suke yi a ɓoye. Shi kuwa a uwar fayil ya share, wadda ke haɗe da kwamfutar kowa, har ta Sarji.

Washegari Sarji ya buɗe ya tarar wayam, ga sunan wanda ya taɓa fayil ɗin a ƙarshe ɓaro-ɓaro. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Tauqeer ya ajiye jakar ya fita. Kundin bai samu sa hannu ba, gurbin ya wuce.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma da na ga tsohon a zaune yana kallon allon, sai tausayi ya kama ni. Na raɗa mata, "Baji, ai kina da kwafi."

"Ina da shi."

"To ki ba shi mana."

Ta kurɓi shayinta. "Tauqeer ya jera sunaye a maƙalar, na yarda. Wa ya karanta ya sa hannu?"

Ta kammala a shekarar, ta koma Multan koyarwa. Sarji ya yi ritaya, littafin bai fito ba.